Na'urar sauraron faifai ta hannu: me ya kamata a duba, me ke fara lalacewa?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Har yanzu ana cin karo da ƙananan na'urorin CD na hannu, irin su Discman, a cikin kayan gwanjo, da 'yan na'urorin MiniDisc, masu ƙaramin faifai a cikin kwanso, jefi-jefi. Mai saye yakan tsaya ne a kan abin da aka rubuta a murfi, daƙiƙa 40, daƙiƙa 45, Mega Bass da sauransu. A ganina wannan rubutun shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe suna taɓa su, masu gyara da masu saurare, kowa ya kawo abin da hannunsa ya tabbatar: wane fasali ne ke da amfani a aikace, wanne ne ado kawai, kuma me ke fara mutuwa.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da lambar nan ta murfi, tunda ita ke ruɗar mutane. Faifan CD yana fitar da kusan kilobait 176 kowace daƙiƙa, wato wajen megabait 10 a minti ɗaya. A na'urorin farko-farko, tun daga D-50 da Sony ta fitar a 1984, abin da ido, wato ɗan gilashin lezar da ke karanta faifai, ya karanta shi ke zuwa kunne kai tsaye, shi ya sa ko teburi aka buga sai waƙa ta yi tsalle. A shekarun 1990 aka sa musu memori: moto ya juya faifan fiye da saurin da ake ji, a tara sauti a gaba, in ido ya kauce daga layi sai a ci gaba da jin abin da aka tara kafin ya dawo. Lambar murfin ita ce yawan daƙiƙoƙin sautin da memorin ke iya tarawa. Sony na kiran abin ESP, daga baya ta kawo G-Protection. Memori mai megabit 4 daƙiƙa 3 kacal take ɗauka in ba a matse sautin ba, don haka da yawa daga masu rubuta babbar lamba matse sautin suke kafin su ajiye shi. Shi ya sa a wasu na'urorin in ka kashe ESP sautin ya fi fita tas.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Memori ba ta da amfani sai ido yana iya cika ta fiye da saurin da take ƙarewa. Ido ya gaji, memori ba za ta taɓa cika ba, komai girmanta. Mai daƙiƙa 10 da lafiyayyen ido ta fi mai daƙiƙa 45 da ido mai rauni nesa ba kusa ba. Saboda haka in za ka gwada kafin ka biya, ka kashe ESP tukuna, domin tana ɓoye ciwon. Ka tafi da faifan kamfani guda, da faifan CD-R guda, irin wanda ake ɗora wa a kwamfuta, wanda aka cika har minti 70 ko fiye. Ka rufe murfi ka ƙirga: lafiyayyiya cikin 'yan daƙiƙoƙi take nuna adadin waƙoƙi. In ta yi ta juyi tana ƙas-ƙas kafin ta nuna, akwai magana. Sannan ka tsallake kai tsaye zuwa waƙar ƙarshe. CD daga ciki ake karanta shi zuwa baki, to waƙar ƙarshe ce ke tilasta wa ido ya bi dogon ƙarfensa har ƙarshe, kuma a nan busasshen giris ke tona kansa. Na'ura da yawa suna kunna waƙa ta 1 zuwa ta 6 lafiya lau, su kakare a ta 12.

Malamar Islamiyya:
Malam Mai Gyara, Allah ya saka da alheri. Ni ta ɓangaren mai saurare zan yi magana, musamman mai sauraron karatu ko tafsiri, wanda fayil ɗaya kan kai awa guda. A nan abu biyu ne suka fi komai: Resume da Hold. Resume shi ne na'ura ta tuna inda aka tsaya bayan an kashe ta. Sai dai iri biyu ne, kuma ba a rubuta bambancin a jiki. Wata tana komawa daidai daƙiƙar da aka tsaya, wata kuma farkon fayil ɗin take komawa. Ga mai waƙar minti 4 ba komai ba ne, ga mai sauraron Suratul Baƙara kuwa babbar wahala ce. Gwajin mai sauƙi ne: a bar ta ta kai minti 3, a danna tsayawa, a jira allon ya mutu, a sake kunnawa. A kuma sani cewa yawancinsu da an buɗe murfi sun manta.

Hold kuwa makulli ne na madannai. In babu shi, a cikin jaka madannin kunnawa zai dannu, batir ya ƙare ba wanda ya ji komai. Kuma kafin a ce na'ura ta mutu a fara duba shi, don sau da yawa Hold ɗin ne a kunne.

Sai maganar faifan MP3. Faifan CD na sauti zalla iyakarsa minti 80 da waƙa 99, ko lambar surori 114 ba zai ɗauka ba. Amma faifan megabait 700 da aka zuba wa MP3 yana ɗaukar wajen awa 12 a kan 128 kbps, awa 24 a kan 64, awa 32 a kan 48. Murya zalla a kan 48 ko 64 tana fita sarai. Matsalar da ake yawan samu guda uku ce. Ta farko, jerin suna: in aka rubuta 1, 2, 3 har 114, na'ura za ta kawo 10 da 100 kafin 2. A rubuta 001, 002, 003. Ta biyu, fayilolin da ake saukewa daga waya ba duka ne MP3 ba, akwai m4a da opus, kuma canza ƙarshen sunan ba ya mai da su MP3, sai an juya su da manhaja. Ta uku, ƙananan fayiloli da yawa an yi su ne a kan 22 kHz, kuma wasu tsofaffin na'urori 44.1 kawai suka sani, sai su tsallake fayil ɗin shiru. Sunan da aka rubuta da Larabci ko da ƙ da ɗ ma allon ba ya iya nunawa, gara a rubuta da baƙaƙen boko marasa lanƙwasa zalla, a kuma taƙaita.

Ɗan Maraɗi:
Malama ta gama magana. Ƙari ɗaya: wajen ɗora wa faifai a kwamfuta a tabbata an rufe shi, kada a bar shi a buɗe don ƙari daga baya. Faifan da ba a rufe ba kwamfuta na karanta shi, na'urar hannu kuwa sau da yawa ta ce babu faifai. A kuma rage gudu zuwa 8x ko 16x. In faifan sauti ne na karatu mai haɗe, a zaɓi ɗora shi gaba ɗaya a zama guda, in ba haka ba manhajar za ta saka shirun daƙiƙa 2 tsakanin kowace waƙa.

Tambayata ga masu gyara: na'urar da ke karanta faifan kamfani amma ta ƙi CD-R, idonta ne ya tafi?

Mai Gyaran Rediyo:
Ba dole ba ne, ɗan'uwa. A fara rarrabewa. In CD-RW ne, mai gogewa a sake, haskensa da ke dawowa ido bai kai rabin na faifan kamfani ba, kuma na'urorin da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1990 yawanci ba a gina su don shi ba. Wannan ba ciwo ba ne, sai an ga an rubuta CD-R/RW a jiki. In kuwa CD-R ne na yau da kullum, wanda a da tana karantawa yanzu ta daina, to alamar farko ce ta datti ko rauni.

Ga yadda nake bi in ta rubuta NO DISC. Da farko makunnin murfi: akwai ɗan rami kusa da maƙalar murfin, wanda wani ɗan haƙori na murfin ke shiga ya danna. In haƙorin ya karye, na'ura tana zaton murfi a buɗe yake, ba za ta motsa ba sam. Ka buɗe, ka cire faifai, ka danna makunnin da tsinken sakace, ka danna kunnawa. Lafiyayyen ido zai koma can ciki kusa da moto, ya ɗaga ya sauka sau biyu ko uku yana neman faifai. Kada ka leƙa shi kai tsaye. Hasken lezar na 780 nm ne, da ƙyar idon mutum ke ganinsa amma yana cutarwa, ka duba daga gefe da nisa ko ta kyamarar waya. In ido bai ɗaga ba, matsalar siririyar waya mai faɗi da ke haɗa ido da allon wuta ce, ko allon kansa. In ya ɗaga, sai goge shi.

Wajen gogewa ake kashe na'urori da yawa. Idon na roba ne, a rataye yake a kan wayoyi sirara ƙwarai. A samo isopropyl, wato sifirit na goge kayan lantarki, mai kashi 90 ko sama, a ɗiga a tsinken auduga, a matse shi ya zama danshi kawai, a shafa daga tsakiya a zagayo waje ba tare da dannawa ba, a bi da busasshe. Ban da fetur, ban da tina, ban da turare, duk suna dusashe robar har abada. Ƙurar hunturu kuma ba saman ido kaɗai take zama ba, tana shiga ƙarƙashi inda madubi yake, can kuwa sai abin hura iska na masu kyamara. Kada a hura da baki, tururi ke shiga.

Sai giris. A kwance ƙasan, a goge tsohon giris daga ƙarfen da ido ke zamewa a kai da kuma dogon sukurun da ke tura shi, a sa sabo wanda ba ya cin roba, na silikon ko farin litiyam, ɗan kaɗan a kan tsinke, kamar ƙwayar gero. Baƙin mai da feshin cire tsatsa ba su da wuri a nan, suna malala su kai ga ido su kuma tara ƙura.

Abu na ƙarshe da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kan moton da faifai ke zama. Yana da 'yan ƙwallaye ko haƙora uku masu riƙe faifan. Ɗaya ya faɗi, faifai ya riƙa rawa. Kuma in an taɓa zama a kan na'urar ko ana danna faifai da ƙarfi, kan yana nutsewa ƙasa a jikin sandar moton, faifan ya riƙa gogar jiki, ido ya kasa daidaita gani. Alamarsa zagayayyen karce a ƙasan faifai. Wanda bai sani ba sai ya canza ido a banza.

Injiniyan Lantarki:
Oga Mai Gyara, na yarda da duka, sai dai ina so a ja kunne kan abu guda da yara masu koyo ke gaggawar yi: murɗa ɗan sukurun ƙara ƙarfin leza da ke jikin ido. Gaskiya ne yana sa na'ura ta tashi nan take, amma ƙarin wutar yana ƙone lezar cikin ɗan lokaci, kuma idon yawancin waɗannan sai dai a ciro daga wata matacciya. Wasu masu sayarwa ma da haka suke tayar da ita ta yi kwana biyu.

Ni dai abin da na fi dubawa shi ne wuta. Iri biyu ne. Masu kauri suna cin batir AA guda biyu, sirara kuma suna cin batir mai faɗi irin NH-14WM, 1.2V, 1400 mAh. Siraran sun fi kyau a ido da aljihu, amma a wurinmu mai AA ta fi sauƙin zama da ita, ko'ina za ka samu. In siririya ce, a tambayi ɗan kwanson AA da ake ɗaura mata a gefe, shi ke fara ɓata. Batirin tocila mai arha ba ya yi, da moto ya ja wuta ƙarfinsa ke faɗuwa, na'ura ta mutu alhali mita tana nuna 1.4V. A sa alkalin ko mai caji na NiMH. Wasu na'urorin ba sa cajin kowane batir: akwai ɗan ƙarfe a gefen ramin da ke taɓa jikin batirin kamfanin a inda aka bar shi ba leda, da shi take gane mai caji ne. Kada a yage ledar alkalin don a yaudare ta, yana iya fashewa.

In an buɗe ramin batir an ga farin gari ko kore, batir ne ya zubar. A shafa ruwan kal kaɗan da auduga, zai yi kumfa, a bi da isopropyl, a kankare ƙarfen har ya yi haske. In ruwan batirin ya bi waya ya kai allon wuta, a rage kuɗi sosai ko a haƙura.

Adafta kuwa ita ce mai kisan farat ɗaya. Yawancin CD Walkman, wato Discman na Sony na baya-baya, 4.5V ne, + a tsakiyar filogi. Tsofaffi akwai na 6V da 9V, kuma a wasunsu − ne a tsakiya. MiniDisc da yawa 3V ne. A karanta zanen da ke kusa da ramin, kada a yi zato. Adaftar da ta zo daga Japan ta 100V ce, ta Amurka 120V, wutarmu kuwa 220 zuwa 240, to in ba a rubuta 100–240V a jikinta ba kada a soka ta a bango. Mai 4.5V ana iya ba ta wuta daga USB in aka saka diyod irin 1N4001 a layin +, yana rage wajen 0.6 zuwa 0.7 daga 5V. Mai 3V kada a gwada mata wannan.

Mai Gyaran Rediyo:
Injiniya, ban ƙi taka ba, amma ba zan ce haramun ne gaba ɗaya ba. In an goge, an sa giris, an duba kan moto, kuma babu idon canji, ana iya taɓa shi a matsayin dabarar ƙarshe. Sharaɗi: a auna shi da mita a rubuta lambar farko, a motsa kaɗan ƙwarai, a gwada, in bai yi ba a mai da shi inda yake. Kuma kafin nan a duba kafasita. Na farkon shekarun 1990 suna da ƙananan kafasitoci masu zubar da ruwa a kan allo. Alamarsu sauti ya yi ƙasa, ko kunne ɗaya ya mutu, ko na'ura ta ƙi karatu sai ta ɗumama. In ka kai musu dalma za ka ji ƙarni. Rabin abin da ake ɗora wa leza nasu ne.

Mai Ɗaukar Sauti:
Ranku ya daɗe, an bar MiniDisc a baya, alhali ta fuskar ƙira ita ce ta warware yawancin abin da kuke lissafawa. Sony ta fito da ita a 1992. Faifan milimita 64 ne a cikin kwanso mai ƙofa, hannu ba ya taɓa shi, ƙura ba ta cika samunsa ba. Sautin a matse yake da ATRAC a kan 292 kbps, ido kuwa yana karantawa da saurin da ya ninka haka kusan sau biyar, saboda haka memori tana cikin tsarinta tun asali, moto ya cika ta ya huta. Shi ya sa tsalle ya yi mata wuya, batir kuma ke daɗewa.

Babban amfaninta ɗauka ne da gyara a jikin na'urar: ka raba waƙa, ka haɗa, ka matsar, ka goge, ka rubuta suna, har waƙa 254 a faifai guda. Faifai mai minti 80 yana ba da 160 a mono. Daga shekarar 2000 aka kawo MDLP, tsarin tsawaita lokacin ɗauka, LP2 minti 160, LP4 minti 320. LP4 don murya ne, kiɗa yana lalacewa a cikinsa. A lura, abin da aka ɗauka da LP in aka sa shi a tsohuwar na'urar da ba ta da MDLP, lokaci zai riƙa tafiya amma shiru za a ji. Faifan bai lalace ba.

Wuraren da ake asara su ne waɗannan. Bayan ka danna tsayawa, na'ura tana rubuta jadawalin abin da ka ɗauka, allo ya nuna TOC Edit. In batir ya mutu ko aka girgiza ta a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin, duk ɗaukar ta tafi, ko da awa biyu ce. Don haka ba a fara doguwar ɗauka da rabin batir. Sannan tsofaffin na Sony suna fara ɗauka ne daga inda aka tsaya a faifan, su hau kan abin da ke wurin, sai an danna END SEARCH tukuna. Na baya suna da zaɓi a menu na fara ɗauka daga ƙarshe, a saita shi tun ranar farko. Faifan da aka gama da shi a ture ɗan makullin gefensa. Na Sharp suna barin ka ƙara ko rage ƙarfin ɗauka ana cikin yi, tsofaffin na Sony sai ka dakata, wannan ya sa masu ɗaukar taro da yawa suka fi son Sharp. Makirfo kuma kada a soka shi kai tsaye a jiki, yana kwasar ƙarar moto duk lokacin da ya tashi, a sa masa waya ko ta mita ɗaya ce.

Ciwon da ya keɓanta da ita: wajen ɗauka leza tana ɗumama faifan daga ƙasa, wani ɗan kai na maganaɗisu yana rubutu daga sama. Wayar wannan kan siririya ce, tana lanƙwasa duk buɗe murfi, tana tsinkewa. In ta tsinke na'urar tana kunna faifai lafiya, tana nuna kamar tana ɗauka, amma ka fitar ka mayar ta ce faifan fanko ne, har abin da ke ciki da can ya salwanta. Saboda haka ba a gwada ta da faifai mai muhimmanci. A ɗauki minti ɗaya a faifan banza, a tsaya, a fitar, a mayar, a saurara.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya Mai Ɗaukar Sauti, wanda ke da tsofaffin faifan MiniDisc, ta yaya zai kwashe su zuwa kwamfuta?

Mai Ɗaukar Sauti:
NetMD, wato MiniDisc da ta zo da USB a farkon shekarun 2000 an yi ta ne don turawa daga kwamfuta zuwa faifai, ba dawowa. Hi-MD ta 2004, mai faifan gigabait 1, tana dawo da abin da ita ta ɗauka. Wadda kamfani ya ba ikon kwaso tsofaffin ɗauka ta USB ita ce MZ-RH1 ta 2006, shi ya sa take tsada har yau. Yanzu akwai manhajar Web MiniDisc da ke aiki a cikin burauza, ba sai an nemi tsohuwar manhajar SonicStage ba. In duk babu, a haɗa waya daga ramin fitar sauti zuwa kwamfuta a ɗauka da saurin saurare, minti 80 a minti 80. A kashe ƙarin bas da AVLS kafin a fara.

Injiniyan Lantarki:
Tunda an ambaci AVLS: takunkumin ƙarar sauti ne don kare kunne. Da yawa masu kukan na'ura ba ta da ƙara shi ne a kunne. Ban da shi, na baya-baya ƙarfinsu wajen miliwat 5 ne a kowane kunne, an yi su don iyafis mai ohm 16 zuwa 32. Babban hedfon mai ohm 250 ko 300 ba za su iya tura shi ba. Mai son haɗawa da amfilifaya ko rediyon mota ya nemi mai ramin LINE OUT daban, ya fi ramin kunne tsabta. In sauti yana yankewa da an taɓa filogi, dalmar ƙafafun ramin ce ta tsage, aikin minti biyar ne. Siraran kuma a duba ko allon yana jikinsu ko yana jikin rimot ɗin waya, domin wasu in rimot ya ɓata ba ka ganin lambar waƙa, ba ka shiga menu.

Malamar Islamiyya:
Faifan kansa ma a kula. Mutane suna kare ƙasan mai sheƙi su kifa shi a kan bayansa, alhali bayanan suna dab da saman da ake rubutu a kai, siririn fenti ne kawai ya rufe su. Karce a ƙasa na'ura kan iya gyarawa, karce a sama kuwa ya cire bayanan ke nan. A rubuta da maka mai laushi, ban da biro, ban da liƙa takarda, don tana sa faifai rawa kuma zafi na ɓamɓare ta a cikin na'ura. In za a goge, daga ramin tsakiya a miƙe zuwa baki, ba a zagaye ba, saboda karcen da ya bi layin karatu shi ne wanda ba ya gyaruwa. CD-R ba ya son rana ko kaɗan, kada a bar shi a gaban mota. Na'urar da za a ajiye fiye da wata guda a cire mata batir, a sa ta a leda mai zif, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.